Wasiƙa daga Maradi: Itace, kandilo da ɓawon gyaɗa a lissafin sauyin yanayi

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon fili in yi magana a kan batun da ake yawan kawowa a tarurrukan sauyin yanayi, wato makamashin da ake samu daga tsirrai da kashin dabbobi. Masu jawabi kan gabatar da shi kamar wani sabon kaya da za a yo mana odarsa daga Turai, alhali shi ne ke dafa tuwon kusan kowane gida a jihar Maradi. Itace, kara, kandilo da gawayi, da su fiye da gida tara cikin goma ke girki a Nijar. Mun daɗe a cikin harkar. Abin da ya rage mu duba shi ne inda take cin mu da inda za ta ciyar da mu, kuma wannan da awo da lissafi ake gane shi.

Ga yadda lissafin yake. Itace yana girma ne da iskar kabon da yake zuƙa daga sama. Ranar da aka ƙone shi iskar ta koma inda ta fito, kuma kilo ɗaya na busasshen itace yana sakin kusan kilo 1.7 nata. In wani itacen ya taso a gurbinsa ya sake zuƙe ta, an yi canjaras. In kuwa an sare har an haƙe saiwa, filin ya zama fako, to wannan itacen ba shi da bambanci da kwal ɗin da ake haƙowa a Anu Araren ta fuskar ɗumamar yanayi. Gaskiya ne laifinmu a wannan ɗumama kaɗan ne: abin da mutum ɗaya a Nijar ke fitarwa ta hanyar mai da kwal da gaz kusan kashi ɗaya cikin goma na tan ne a shekara, na Ba'amurke kuwa ya haura tan 13. Amma ƙasar da iska ke kwashewa tamu ce, kuma matan da ke yini neman itace namu ne. Ƙidayar 2012 ta ba jihar Maradi mutum miliyan 3.4, kuma kowa ya san yadda muka ƙaru tun daga lokacin. In aka ƙaddara kilo ɗaya na itace ga kowane mutum a yini, gida mai mutum goma yana cin tan uku da rabi a shekara. Daga ina za su fito?

Amsa mafi arha tana cikin gonakinmu, kuma a nan Maradi duniya ta koye ta. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ke aiki da ƙungiyar mishan ta SIM, ya lura cewa ƴan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara tohon kututturan manyan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Daga nan sassaben zamani, wato barin wannan toho a rene shi maimakon a sassabe shi, ya bazu, daga manomi zuwa manomi fiye da ta hannun ma'aikata. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar, galibi a jihohin Maradi da Damagaram. Wanda ya san gonakin wajen Ɗan Saga a yankin Agiye ya san ba labari ba ne. Babu wani aikin dashe a Nijar da ya kai ko kusa da wannan, domin dashen yana buƙatar gandun reno da ban ruwa da shinge, kututture kuwa saiwarsa ta riga ta kai ga laima.

Aikin ba shi da wuya, amma yana da ƙa'ida. Kafin sassabe manomi ya zagaya gonarsa ya zaɓi kututturan da zai bari: gawo, kalgo, sabara, taramniya, aduwa, magarya, gwargwadon abin da gonar ke da shi. Arba'in a hekta mafari ne mai kyau, daga baya a ƙara. A kowane kututture a bar toho uku zuwa biyar mafi miƙewa da ƙarfi, a cire sauran. Waɗanda aka bari a rage musu rassan gefe har zuwa rabin tsayinsu kawai. In aka aske su har kai, sandar takan yi siriri, iska ta karya ta ko akuya ta tanƙwaro ta. Adda ko barandami su kasance da kaifi, kuma a yi saran daga ƙasa zuwa sama. Saran da aka yi daga sama yana ɓare ɓawon ya bi jikin itacen, gara da ruɓa su samu ƙofa. A ɗaura tsumma a jikin abin da aka bari don kowa ya san da mai shi, a kuma dawo bayan wata biyu zuwa shida a sake gyara, tun da sabon toho ba ya daina fitowa. Tun shekarar farko rassan da aka rage makamashi ne. Daga shekara ta biyu ko ta uku ana iya sare sanda ɗaya a kowane kututture a shekara, a bar sabuwa ta maye gurbinta. Gawo kuma yana da nasa alheri na daban, don yana zubar da ganye da damina, hatsi ya yi kyau a ƙarƙashinsa, ƴaƴansa kuma abincin dabbobi ne da rani.

Abin da ke kashe wannan aiki shi ne shakka a kan mallaka. Manomin da ke tsoron ma'aikacin gandun daji zai ci shi tara in ya taɓa gawon da shi ya rena, ko ɓarawo zai sare shi da dare ba a yi komai ba, ba zai bar toho ya girma ba. Akwai dokar gandun daji ta 2004, akwai kuma dokar da gwamnati ta fitar a Yulin 2020 musamman a kan wannan sassabe, wadda ta amince da haƙƙin manomi a kan itatuwan da ya rena. Manoma nawa ne aka karanta wa ita da Hausa? Wannan aikin gidajen rediyo ne da magadan gari da masu gari. Haka ma kasuwannin itace na karkara da dokar 1992 ta kafa, irin na dajin Babban Rafi a yankin Madarunfa: an raba daji yanki-yanki, an ƙayyade abin da za a sara a shekara, harajin kuma ana raba shi tsakanin ƙauye da ƙaramar hukuma da baitulmali. Tsarin yana da kyau matuƙar ana bin ƙa'idar awon, ana kuma barin yankin da aka sara ya huta. Da zarar mota ta iya lodi a wajen kasuwa ta wuce shinge ba takarda, mai bin doka shi ke asara.

Sai wajen murhu. Murhun duwatsu uku yana kai wa tukunya kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na zafin itacen, sauran iska ta kwashe. Kafin ma a zo ga murhun, ɗanyen itace kusan rabinsa ruwa ne, zafin da yake bayarwa kuma kusan rabin na busasshe. A faskara shi, a jera a kan duwatsu ko sanduna don kada ya taɓa ƙasa, a ba shi wata ɗaya zuwa biyu da rani. Wannan ba ya cin ko dala. Ingantattun murahu kuwa mun san su tun tuni: Mai Sauƙi na ƙarfe da maƙera ke yi, da Albarka na laka. Sirrinsu ɗaya ne, tazarar da ke tsakanin tukunya da bangon murhu. Ta zama kamar kaurin ɗan yatsa, santimita ɗaya ko ƙasa kaɗan, domin zafi ya bi jikin tukunya yana gogarta. In ta yi faɗi zafin ya tsere, in ta matse wuta ta shaƙe ta yi ta hayaƙi. Shi ya sa kowace lambar tukunya da murhunta. Wadda ta ɗora lamba biyu a murhun lamba biyar ta koma gidan jiya. Daga inda itace ke ci zuwa gindin tukunyar gida a bar santimita 12 zuwa 15. Na laka ana kwaɓa yumɓu da kashin shanu ko na jaki da ƙaiƙayi, a rufe kwaɓin kamar mako guda ya ruɓa, a gina bango mai kaurin tafin hannu, a bar shi ya bushe a inuwa. Wanda aka hura wa wuta da ɗanyensa tsagewa yake yi, wanda aka bari a fili kuma damina ɗaya ta ishe shi.

Kada a ruɗe mu da alƙaluman ɗakin gwaji. A cikin gida ragin da ake samu yakan tsaya wajen kashi 20 zuwa 30, saboda uwargida ba ta jefar da tsohon murhunta, musamman ranar suna ko biki, kuma murhun da ke rawa lokacin tuƙin tuwo ba ya daɗewa a madafa. Duk da haka kashi ɗaya cikin huɗu na tan uku da rabi ba abin rainawa ba ne. A ganina ma masu ayyukan raya ƙasa sun fi kyautuwa su fara da manyan masu cin itace: gidajen burodi, masu tuwo-tuwo, masu ƙuli-ƙuli, masu ƙosai da waina, makarantun kwana, gidan kaso. Su da kuɗi suke sayen itace kullum, za su ga ragin a aljihunsu cikin mako guda, ba sai an yi musu wa'azi ba. Akwai kuma maganar lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020. Kunkunniyar da ke rufin madafa ita ce ke shiga ƙirjin mai girki da goyon da ke bayanta.

Gawayi kuwa, a yadda ake gasa shi a rami a rufe da ƙasa, ɓarna ce tsagwaronta. Kilo shida zuwa takwas na itace ke ba da kilo ɗaya, wato kusan kashi uku cikin huɗu na zafin ya tafi tun a daji. Kuma ƙirya ake bi, itacen da ke shekaru masu yawa kafin ya kai sara.

Yanzu ga abin da aka fi tambaya a kai, gaz na kashin shanu. Rumbu ne ake ginawa a cikin ƙasa da bulo da siminti, mai rufin ƙubba, da kwamin kwaɓi ta gefe ɗaya da mafitar taki ta ɗayan. Aikinsa irin na tumbin saniya ne: ƙananan halittu ke cin kashin a inda iska ba ta shiga, su fitar da gaz wanda kashi 50 zuwa 70 nasa metan ne, shi ne mai kamawa. Maƙwabtanmu na Burkina Faso sun gina dubbai a ƙarƙashin shirinsu na ƙasa, don haka ba abin gwaji ba ne a Sahel. Amma kafin a haƙa rami a zauna a yi lissafi. Kilo ɗaya na ɗanyen kashin shanu yana ba da lita 40 na gaz, ko kusa da haka. Kan murhu ɗaya yana shan kamar lita 400 a awa. Girkin awa huɗu ke nan lita 1,600, wato kilo 40 na kashi kullum, da lita 40 na ruwa, don ana kwaɓawa ne ɗaya bisa ɗaya. Kwaɓin lita 80 a yini, in zai kwana 50 a ciki kafin ya fita, yana buƙatar wurin lita 4,000. A ƙara wurin taruwar gaz, shi ne rumbu mai mita kubik shida, wato lita 6,000, da magina ke ambata. Wannan gaz na yini ɗaya yana maye gurbin itace kilo takwas zuwa tara a murhun duwatsu.

To ina kilo 40 zai fito? Saniyar da ke ɗaure dare da rana tana ba da kamar kilo 10, shanu huɗu ke nan. In da safe suke fita kiwo sai dare su dawo, rabin kashin a daji yake zuba, sai an samu bakwai ko takwas. In kuma garken yana tafiya arewa da damina, rumbun zai yi wata huɗu da yunwa. Kandilo ba ya aiki, ɗanye ake so na ranar. Kashin awaki da tumaki yana yi, amma sai an jiƙa shi ya kwana an murje, in ba haka ba yawo yake yi a sama. Cikon farko kansa aiki ne: kusan tan biyu na ɗanyen kashi da lita 2,000 na ruwa, bidon 80 na lita 25. Saboda haka wannan rumbu na mai turka shanu ne da ke da rijiya ko famfo kusa, irin masu kiwon ƙiba na cikin gari da gefen Gulbi, da masu lambu a Jiratawa. A garin da mata ke layin rijiya mai gaba arba'in, a wajen Dakoro ko Mayahi, gina shi zalunci ne ga wadda za a ɗora wa ɗiban ruwan. Mahauta da kasuwannin dabbobi su ne wurin da ya fi dacewa da manyan rumbuna, don kashi da abin cikin tumbi suna taruwa kullum. Jini ne kawai ba a yawaita shi, yana hana halittun aiki.

Abubuwan da ke kashe rumbu sanannu ne, kuma kusan dukansu ana iya kauce musu. Na farko a ƙasarmu yashi ne. Kashin da aka kwaso da shebur daga turke yana zuwa da rairayi, ya kwanta a gindin rumbu shekara bayan shekara har wurin ya cike. Maganinsa a daɓe turken da siminti da ɗan gangare, fitsarin ma ya gangara cikin kwamin kwaɓi ya rage buƙatar ruwa. A sa bakin tiyon shiga ya ɗara gindin kwamin da ƴan santimita, a bar kwaɓin ya natsa minti kaɗan kafin a buɗe. Na biyu ciyawa da kara: suna tasowa sama su yi ɓawo mai kauri da ke toshe gaz, don haka a tsince su. Na uku ruwan sabulu da omo, da kashin dabbar da ake yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta; a ware shi har mako guda bayan ƙare magani. Na huɗu ɗura fiye da ƙima. Rumbun yakan yi tsami, gaz ya yi wari ya ƙi kamawa. In haka ta faru a dakatar da ciyarwa kwana da yawa, a zuba ɗan ruwan farar ƙasa, a kawo kwaɓi daga rumbun da ke aiki lafiya. Halittun sun fi son zafin digiri 30 zuwa 37, shi ya sa gaz ke raguwa a Disamba da Janairu. A binne ƙubbar da ƙasa sosai, a lulluɓe da kara, a kwaɓa da ruwan da ya sha rana.

Sauran matsalolin na gini ne da tiyo. Ƙubba sai an yi mata shafe hawa-hawa daga ciki, a ƙare da fenti mai hana iska fita, a kuma gwada ta da matsin iska kafin a zuba komai. Tsaga mai kaurin gashi ta isa ta zubar da gaz ɗin yini. A nisanta rumbun da saiwar manyan itatuwa, a nisanta shi da rijiya aƙalla mita 10, amma kada ya yi wa madafa nisa. Gaz yana tafe da tururi, wanda ke zama ruwa a cikin tiyo. In wuta tana tsalle tana mutuwa, ruwa ne ya taru. A ba tiyon gangaren santimita ɗaya a kowace mita, a sa matarar ruwa a wuri mafi ƙasa, a zubar da ita duk mako. Mahaɗan tiyo a shafa musu kumfar sabulu, inda ya yi ƙwai nan ke yoyo. Kan murhun gaz na kwalba ba ya aiki da wannan sai an faɗaɗa hancinsa, kuma ramukansa na toshewa da tsatsa saboda iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, sai ana bi da waya ana sharewa. Wuta mai kyau shuɗiya ce. Gaz na makon farko ko na biyu ba ya kamawa, a sake shi sau ɗaya ko biyu nesa da wuta. Yoyon nan ba asarar mai gida kaɗai ba ce: metan ya fi iskar kabon riƙe zafi kusan sau 28 a tsawon shekara ɗari, don haka rumbun da ke yoyo yana iya cinye amfanin da aka ce ya yi wa yanayi. Kuma kada kowa ya shiga cikin rumbu don yasa sai an kwashe shi an bar shi a buɗe kwanaki, da igiya a ƙugu da mutum a sama. Iskar ciki tana kashewa ba gargaɗi.

Wanda ya gina rumbu don gaz kawai ya ci rabin riba. Kandilon da aka ƙona ya tafi da takinsa, toka kaɗai ta rage. Abin da ke fita daga rumbu kuwa yana ɗauke da kusan duk abincin shukar da ke cikin kashin, ba wari, kuma yawancin irin ciyawa ya mutu. Sai dai in aka bar shi a rana ƙarfinsa yana bin iska. A haƙa rami biyu a ƙarƙashin rumfa, ana zuba shi ana haɗawa da ƙaiƙayi da sharar gida mai ruɓewa, ɗaya na cika ɗaya na nuna. Game da haɗa masai da rumbu, yana ƙara gaz, amma gidaje da yawa ba sa so, kuma ba dole ba ne. A bar wa mai gida da malaminsa.

Akwai masu cewa a mayar da karan hatsi gawayi. A nan sai an yi hattara. Kara yana da masu shi tun kafin a zo: dabbobi, danga, rufi, da ita gonar kanta. Gwaje-gwajen da aka yi a tashar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore sun nuna amfanin barin kamar tan biyu na kara a hekta don tare iska da kiran gara ta buɗe ƙasa, alhali gonar talaka sau da yawa ba ta ma ba da fiye da haka ba. Wanda ya kwashe kara ya sayar wa mai gawayi ya sayar da hatsin baɗi. Abin da ya dace da wannan sana'a shi ne wanda ya riga ya taru wuri ɗaya ba mai so: ɓawon gyaɗa, wanda ya kai kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyin gyaɗar da ba a ɓare ba, garin katako na masu aikin kafinta, buntun shinkafa, garmanin da ya mamaye makiyaya, da dugudugun gawayi da ke zube a wajen masu sayarwa.

Ana gasa su a tanon lita 200 da aka huda gindinsa, da murfi mai bututun hayaƙi. Ɓawon gyaɗa yana cushewa iska ta kasa ratsawa, don haka a tsayar da bututu mai ramuka a tsakiya kafin a zuba. A kunna daga sama. In farin hayaƙi mai kauri ya koma siriri mai shuɗi-shuɗi, a toshe ko'ina da ƙasa a bar shi ya huce. In an buɗe an ga farar toka iska ta yi yawa, in an ga ja-ja bai gasu ba. Abin da ake samu kashi ɗaya cikin huɗu ne zuwa ɗaya cikin uku na nauyin da aka zuba. A daka, a tankaɗe, a dama kilo ɗaya na garin rogo kamar koko a kwaɓa da kilo 15 zuwa 20 na garin gawayin. In an dunƙula a hannu ya riƙe ba ya ɗigar ruwa, kwaɓin ya yi. A matse a cikin guntun tiyon ƙarfe, a shanya a kan gado kwana uku zuwa biyar. Gwajinsa a sake shi daga tsayin ƙugu. In ya wargaje, ko danƙon ya yi kaɗan ko matsin. Masu son arha kan cika yumɓu, sai toka ta shaƙe wutar, mai shayi ya saya sau ɗaya bai ƙara ba. Kowane irin gawayi ne, kada a kwana da shi a ɗaki rufe da hunturu.

Noman mai don inji kuwa, ban ga wurinsa a nan ba. Tsakanin 2005 da 2010 an yi ta yayata bini da zugu a Afirka, ana cewa yana yi a fako ba ruwa. Rayuwa yana yi, amma ƴaƴan kirki sai da ruwan sama wajen milimita 1,000, mu kuwa a kudancin jihar 400 zuwa 600 muke samu, arewa ma ƙasa da haka. Kilo huɗu na ƴaƴa ke ba da lita ɗaya, tunkuzarsa kuma guba ce ga dabba. A matsayin shinge ko don sabulu babu laifi. Brazil tana yin man mota da rake tun 1975, Amurka da masara, amma su suna da rarar ƙasa da ruwa. Jihar da ta ga yunwar 2005, inda gonar gado ke ƙanƙancewa a kowane rabo, ba ta da hektar da za ta ba tankin mota.

Tun lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki a Agustan 2023 ake maganar samar da lantarki daga ɓawon gyaɗa. Yana yiwuwa, da kilo ɗaya da rabi zuwa biyu a kowane kilowat na awa, sai dai hayaƙin yana tafe da kwalta mai toshe inji in ba a tace shi kullum ba, kuma sai mai gyara na zaune a wurin. Don famfon lambu da fitila, faifan hasken rana ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Gaz na kwalba da matatar Damagaram ke fitarwa tun 2011 daga man fetur yake, amma duk gidan cikin Maradi da ya koma kansa ya ɗauke wa Babban Rafi nauyi, kuma ban ga dalilin ƙyamarsa ba.

Magana ta ƙarshe ga magadan gari da shugabannin ƙungiyoyin manoma. Masu zuwa da murahu ko rumbuna kyauta, yawancinsu kuɗin kabon suke nema: za su lissafa hayaƙin da aka ce an rage, su sayar wa kamfanonin ƙetare. Ba haramun ba ne, amma a san abin da ake sa wa hannu. Wani bincike da masanan jami'ar Kaliforniya ta Berkeley suka wallafa a 2024 ya gano cewa ayyukan murahun da suka duba sun yi iƙirarin ragi kusan ninki tara na abin da aka rage a zahiri, kuma masu saye sun fara ja da baya daga irin waɗannan takardun ragin hayaƙi. Kafin a yarda, a tambaya shekara nawa yarjejeniyar za ta yi, kashi nawa na kuɗin zai dawo ƙauye kuma ta hannun wa, da ko manomi zai ci gaba da saran sandarsa ɗaya a shekara. A nemi a auna itacen gidaje da sikeli na ƴan kwanaki kafin a kawo murhu da bayan an kawo. A rubuta cewa maginin rumbu zai dawo dubawa bayan wata uku, da wata shida, da shekara, a kuma riƙe wani kaso na kuɗinsa sai ya cika. Tiyo da kan murhu da matarar ruwa su kasance ana samunsu a kasuwar Maradi ko Tasawa, ba sai an aika Yamai ba. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna suna da ɗalibai da ma'aikatan da za su iya zagayawa bayan shekara biyu su ƙidaya rumbu nawa ke ba da wuta har yanzu, kuma ina roƙon wannan jarida ta buga abin da suka samo.

Wassalam.

Naka mai karatu,
wani malamin gona da makamashin karkara,
Maradi, Jamhuriyar Nijar